Ƙarar da Sada Kaɗai Ya Yarda Ya Ji

A kwarinmu babu wanda bai taɓa zagin Sadaichi a zuci ba, kuma ni na fi kowa. Mutum ne da in ka gaishe shi da safe, sai ka kai bakin gonarka kafin amsarsa ta iso ka. In ya shiga gabanka da motarsa a hanyar gari, to ka haƙura da abin da ya fito da kai. Sarkin Saiɓi muke ce masa a bayan ido, a gaban ido kuwa Baba Sada, don ya girme ni da shekara goma sha biyu. Ya san da sunan, ko a jikinsa.

Ba ɗan nan ba ne. A ramin kwal ya tashi, can kudu da mu, kuma aikinsa a ramin shi ne ya shiga gaban kowa da 'yar guduma, ya ƙwanƙwasa rufin dutse, ya kasa kunne, sannan ya ce a shigo ko a koma. Da aka rufe ramin sai ya auri Toyoko, 'yar gidan Kuribayashi, gidan da babu ɗa namiji. Ya bar sunan ubansa ya ɗauki nasu, ya tare a gidansu, ya gaji gonarsu da ke can ƙarshen kwari a gindin dutse, inda rana ke zuwa a makare ta tafi da wuri. Surukinsa har ya mutu yana faɗa wa duk mai saurare cewa ɗan ramin kwal ba zai iya riƙe alkama ba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, ko taki ɗaya na alkamar Sada bai taɓa ruɓewa a ƙarƙashin ƙanƙara ba. Ba ya faɗa da baki, amma kowa ya san da wannan yake tafiya, kuma akwai waɗanda har lokacin suke jiran ranar da maganar tsohon za ta tabbata.

Alkamarmu a Satumba muke shuka ta, ta tsiro, dusar ƙanƙara ta zo ta rufe ta har ta kai ƙirjin mutum. In ƙanƙarar ta wuce lokacinta a kai, fumfuna ta cinye shukar daga ƙasa, ka buɗe ido a Afrilu ka ga gona ta zama ruɓaɓɓiyar tabarma. Shi ya sa a tsakiyar Maris muke barbaɗa baƙar toka a kan farin, ta ja zafin rana, ƙanƙarar ta narke mako guda ko fiye kafin lokacinta. Da babur ɗin ƙanƙara ake yi, a ɗaura masa mazubi mai farfela a baya, a yi ta kai da komowa a hankali har gonar ta yi zane-zane baƙi.

Babur ɗaya ne da mu, gida huɗu. Gonda ne ke fara ɗauka, don shi ne shugaban ƙungiyar manomanmu kuma gonarsa ce a bakin kwari. Daga shi sai Inna Chiyono, wadda ke noma ita kaɗai tun rasuwar mijinta kuma ta fi maza uku ƙarfin hali. Sai ni, Masuo. Sai Sada a ƙarshe, duk da gonarsa ta fi ta kowa bukatar tokar da wuri. Haka muka tarar da layin, haka muka bar shi.

Dokarmu kuma ɗaya ce, ba a rubuta ta ba amma ta fi rubutacciya kaifi. Wanda babur ya lalace a hannunsa, shi zai gyara, sannan ya sa rigar fita unguwa, ya sayi kwalin alewar wake, ya bi gida-gida ya rusuna ya ce ya jawo wa jama'a wahala. Gyaran ba komai ba ne. Rusunawar ce ake gudu, don labarinta yakan yi shekara biyar yana yawo a wajen biki.

A shekarar da nake ba ku labari, rediyo ta ce za a yi kwana shida garau, daga nan hadari ya dawo. Gonda ya yi nasa, Inna Chiyono ta yi nata, ta kawo mini babur da yamma. A guje ta shigo tsakar gidana, ta kashe inji tun bai tsaya ba, ta sauka tana kaɗe safar hannu.

"Ga shi nan, Masu, cike da mai, lafiya ƙalau. Kar ka tsaya kallona, ba aure na zo nema ba."

Na ɗauka halinta ne kawai, don ita ko shayi a tsaye take sha.

Washegari da sassafe, ƙanƙara na da tauri, babu iska, na loda toka na shiga gona. Ban yi layi biyu ba na ji wata ƙara. Ƙwal. Na sassauta totur, ƙwal. Na ɗan murza, ƙwal-ƙwal, daga can ƙasa wajen ƙafata ta dama, har cikin tafin takalmina nake jin bugun. Nan take na hango kaina da baƙar kwat a ƙofar Gonda, kaina a ƙasa, matarsa tana leƙe ta bayan labule.

Sai na murza totur da ƙarfi, don haushi kawai. Babur ya zabura, ƙarar ta ɓace cikin rugugin inji. Na rage gudu, ta dawo. Na ƙara, ta tafi. To, me ya rage? Na gama gonata a rabin lokacin da na saba, tokar ta fita shara-shara, ni kuwa na ce wa kaina ai bana rana na da ƙarfi. Da yamma na wanke shi tas, na cika masa mai, na nufi gidan Sada. A guje na shiga, saura kaɗan in kwashe itacen da Toyoko ta jera a jikin bango.

Sada ya fito yana ɗaura ɗankwalin wuya. Ya dubi babur, ya dubi sawun da na bari, ya dube ni.

"Wuta ce ta kama a gidanka, Masu?"

"A'a, Baba. Sanyi nake gudu. Ga shi nan, cike da mai, lafiya ƙalau."

"Lafiya ƙalau," ya maimaita, kamar yana ɗanɗana miya. "Madalla. Na gode da wahala."

Da safe ina cikin karyawa na ji shi tun daga nesa. Ƙwal. Shiru. Ƙwal. Na leƙa ta taga, sai ga Sada a kan babur yana tahowa a kan hanya, tafiyar da ko tsohuwa mai sanda za ta wuce shi, ya karkatar da kai gefe guda. Duk ƙofar da ya wuce sai an ɗaga labule. A gaban gidana ya tsaya.

"Masu! Fito ka ara mini ƙarfinka. Babur ya lalace a hannuna."

A hannuna, ya ce. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, kuma na ji kunyar daɗin da na ji.

Rumbuna ne ya fi kusa, sai muka tura shi ciki. Ya sa na jefa igiya a kan azara, muka ɗaga bayan babur ya yi lilo. Ya cire bel ɗin inji ya rataye a ƙusa. Sannan ya zaro guntun alli daga aljihu ya yi zane a kan shimfiɗar robar nan mai haƙora da babur ke tafiya a kanta.

"Juya ta da hannu. A hankali. Na ce a hankali, ba niƙa na sa ka ba."

Na juya. Ya tsuguna ya zuba wa allin ido har ya zagayo.

"In ƙarar na zuwa sau ɗaya duk zagayen alli, laifin roba ne. In tana zuwa sau biyar ko shida kafin ya dawo, laifin sandar da ke jan ta ne, ko boris ɗin da take juyawa a ciki. Ka ji wani abu?"

"Ban ji ba, Baba."

"Ai na lura kunnenka ya yi nauyi bana. Ka je asibiti a duba maka."

Ya bi ƙananan tayoyin ciki ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa, yana yi wa kowanne magana kamar jikansa. Babu wanda ya amsa da ƙara. Ya ce in matse birki in riƙe. Ya kama robar da hannu biyu ya ja gaba, ya ja baya. Ta motsa kusan faɗin yatsa uku, ta ce ƙwal.

"Yauwa, ga mutumin. Birki ya riƙe sama, ƙasa na yawo. Me ke tsakaninsu?"

"Sarƙa," na ce, murya ciki-ciki.

"Af, ashe ka san kan inji. Da ka ce mini kai bakanike ne ai da ban taso ba."

Ya ɗora bakin sukudireba a jikin akwatin sarƙar, ya manna kunnensa a ƙotar, ya sa na sake ja. Ya daɗe a haka, ido a rufe, har na fara zaton barci ya kwashe shi. Daga nan ya kwance murfin ya tara kwano. Man da ya zubo yana ƙyalli da garin ƙarfe. Sarƙar ta saki har tana dukan bangon akwatin ta yi masa kwari, faifan ƙasa da sarƙar ke hawa kuma haƙoransa uku sun karye, guntayen na kwance a gindi. Ya tsamo ɗaya ya goge a wandonsa, ya ɗaga shi wajen haske.

"Ka ga notin nan na gefe? Ranar da ta fara kuka, da an juya shi sau ɗaya da sifana, shi ke nan, ko shayi bai huce ba an gama. Amma an yi ta ba ta wuta tana sako-sako." Ya jefa guntun a aljihu. "Ni da ganganci, ka gani. Layi ɗaya na yi da safen nan, duk na yi wannan ɓarna. Ashe ƙarfi gare ni ban sani ba."

Gumi nake yi a cikin rumbun da ruwa ke daskarewa a bokiti.

Aka buga waya birnin Asahikawa, wajen masu sayar da kayan gyara. Babur ɗinmu tsoho ne, sai an nemo faifan, kwana shida. Ranakun garau kuma uku suka rage, har da ta yau. A makon nan babu babur ɗin da ke zaune a duk gundumar, kowa na kan tasa gonar. Hekta biyu na alkamar Sada na kwance a inuwar dutse, buhun toka hamsin na jibge a rumfarsa, ko ɗaya ba a farke ba sai na layin farko.

Da azahar na gan shi ya fito cikin baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, da kwali uku a hannu. Ya fara da Gonda, ya shiga wajen Inna Chiyono, sannan ya iso ni. Ya cire hula a bakin ƙofa, ya rusuna har na ga tsakiyar kansa, ya miƙo kwalin da hannu biyu.

"Na jawo wa jama'a wahala. A gafarce ni."

"Haba Baba, ku ɗago, don girmanku."

Ya ɗago a hankali, kamar yadda yake komai. Ya waiga ya ga matata ta koma kicin, sai ya matso ya rage murya.

"Na bi ta gonarka ina tahowa. Layi biyu na farko baƙi ƙirin, gwanin kyau. Daga na uku sai ka ce kaza ce ta yi wanka a wurin. Toka ba ta iya ƙarya ba, Masu, gudun mutum take rubutawa. Amma kar ka damu. Tsakanina da kai ne, ko Toyoko ba za ta ji ba."

Ya mayar da hularsa ya tafi. Matata ta yanka alewar ta kawo da shayi, na ce cikina ba daɗi.

Gari na wayewa na ɗauko faffaɗan takalman tafiya a ƙanƙara da mahaifina ya bari, da tsohon kwandon rataye, na bi ta bayan itatuwa don kada a gan ni. Niyyata in barbaɗa abin da zan iya da hannu, irin na mutanen da, in gudu kafin kowa ya tashi. Ina ɓullowa gefen gonar sai na ga mutum ya duƙa yana farke buhu. Gonda ne, da tumbinsa da komai. Can gaba kuma Inna Chiyono har ta yi nisa, hannunta baƙi har gwiwa.

Muka tsaya muna kallon juna.

"Wucewa nake yi," in ji Gonda. "Likita ya ce in riƙa motsa jiki."

"Da buhu a kafaɗa?" in ji Inna Chiyono. "Kai Gonda, ko ƙarya ba ka iya ba, ta yaya aka ba ka shugabanci? Kai kuma Masu, me ya kawo ka, naka likitan?"

"Ni... Baba Sada ne ya ɗan yi mini wata magana."

Ta ajiye kwandonta. "Tsakaninka da shi? Ko Toyoko ba za ta ji ba?"

Gonda ya yi tari. Fuskarsa ta yi ja kamar an dafa ƙaguwa. Nan dai ta fito: a gonarsa ƙarar ta fara, a layi na tara, ya ba ta wuta ya kai wa Inna Chiyono a guje. Ita ta ji a layin farko, ta ɗauka ita ta lalata shi, ta ba ta wuta. Ni ne na uku a jerin jarumai. Tsohon nan ya bi gonakinmu uku da ƙafa ya karanta mu tas, sannan ya je ya sayi alewa.

"Kai ne ka fara, ƙaton banza, ka bar ni kwana biyu ban ci abinci ba!" Inna Chiyono ta dumbuzo toka ta watsa masa.

Sai ga Sada ya fito daga gida, yana jan akwatin katako da butar shayi. Ya kife akwatin a bakin gona ya zauna. Bai nuna ya yi mamaki ba ko kaɗan.

"A'a, baƙi muka yi? Toyoko, ƙaro kofuna, masu wucewa sun yi yawa yau." Ya kurɓi shayi. "Ni da zan taya ku, amma bayan nan nawa tun rusunawar jiya bai koma daidai ba. Sau uku fa, a shekaruna."

Ya raba mana gonar da sanda. Gonda ya ɗauki gindin dutse, Inna Chiyono tsakiya, ni gefen hanya. Kwana biyu muka yi muna yi, daga fitowar rana har ƙanƙara ta yi laushi ta fara haɗiye ƙafa. Shi kuwa yana kan akwati yana ba da umarni. "Shugaba, ba gishiri kake sa wa miya ba, saki hannu." "Chiyono, ke kam da an haife ki namiji da mun huta." A rana ta biyu ya tashi ya ɗauki kwando da kansa, ya bi wuraren da Gonda ya tsallake, bayan nasa ya warke ke nan.

Ni kafaɗata ta mutu tun ranar farko. A rana ta biyu, da na ga saura mini ɗan zirin da ke bin hanya, faɗinsa bai fi taki goma ba, kuma idon Sada na can wajen dutse, sai na ɗaga ƙafa. Na watsa buhu biyu a inda ya kamata a sa biyar, na ɓoye sauran ukun a bayan rumfa, na ce na gama. Da hannuna na yi, babu inji, babu ƙara, babu wanda ya kore ni. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Hadari ya dawo kamar yadda aka ce, faifai ya iso, Sada ya ɗaura shi cikin yini guda abin da bakanike zai yi a awa biyu. A farkon Afrilu ƙanƙara ta janye daga gonarsa, alkama ta fito kore shar tun daga gindin dutse har kusa da hanya. Zirin nan nawa shi ya rage fari har kwana tara bayan haka. Da ya narke, abin da ke ƙasa ya riga ya ruɓe, toka-toka, manne da ƙasa, daga wannan kusurwa har waccan, a daidai inda motar haya ke wucewa sau huɗu a rana.

Na je na ce ya bar ni in shuka masa dankali a wurin, iri da aiki duk nawa. Ya ce a'a, ƙasa ma tana son hutu. Bai ce mini komai ba game da buhu ukun, ko da yake na ga an jera su a bakin ƙofar rumfa inda duk mai shiga zai yi tuntuɓe da su.

Wata ranar kasuwa a Mayu na shiga motar haya ta dawowa daga gari, cike da mutanen ƙauyukan sama. Muna zuwa daidai gonar sai wani tsoho mai kiwon shanu ya nuna ta taga.

"Kun gani? Marigayi Kuribayashi ya faɗa. Ɗan ramin kwal dai ɗan ramin kwal ne. An daɗe ana rufa masa asiri, ga shi ta fito."

"Tsufa ne," in ji wata mata. "Ai an ce har babur ɗin ƙungiya ya kashe musu bana, ya bi gida-gida."

Aka yi dariya. Na dubi takalmina, na dubi bayan direba, na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Ba shi ba ne. Ni na yi wannan zirin, na yi ha'inci a tokar. Babur ɗin ma da ƙararsa na kai masa, na ce lafiya ƙalau."

Motar ta yi tsit, sai ƙugin inji. Daga can kujerar ƙarshe, bayan wata mata mai kwandon kabeji, na ji muryar da na sani, a hankali, ba gaggawa. Ashe tun tashar farko yake ciki, hula a kan fuska, yana jin duk abin da ake faɗa a kansa bai tanka ba.

"Masu, ɗan ɗaga murya. Mu na baya ba mu ji ba."

Na miƙe tsaye, na kama ƙarfen sama, na juyo na fuskanci jama'a, na sake faɗa tun daga farko.